Zan Iya Yawo da Leatherman Ɗina a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mai haɗa sola ne a Kaduna, shekara shida ke nan. Allah Ya sa na samu gurbin karatun digiri na biyu a Ingila, zan tafi a watan Satumba. Ina da Leatherman Wave, kayan aikin aljihun nan mai naɗewa da ya haɗa filaya da wuƙa da sukundireba, wadda kawuna ya kawo min tsaraba daga Amurka, kullum tana ɗaure a ƙuguna, ko masallaci zan je. Wani abokina ya ce in na shiga ƙasar da ita kama ni za a yi. Wani kuma ya ce muddin wuƙar ba ta wuce inci uku ba babu komai, na kuma auna tawa ba ta kai ba. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sanya alheri a wannan tafiya, Ya sa a gama lafiya.

Abokan nan naka kowanne ya riƙo gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗaya. Babu wanda zai kama ka don ka shiga Ingila da Wave a cikin akwatinka, babu kuma laifi idan tana ajiye a ɗakinka. Amma ranar da ka ɗaura ta a ƙugu ka fita titi ba tare da wani takamaiman aiki ba, ka shiga hurumin laifin da ɗaurinsa ke iya kai wa shekara 4. Awon da ka yi daidai ne, ruwan wuƙar Wave bai cika inci 3 ba. Sai dai ba tsawon ne zai kayar da kai ba, sakatar da ke kulle wuƙar ce.

Bari in fayyace, don mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa rami. Dokar da ake tuhumar mutane da ita ita ce sashe na 139 na dokar hukunta laifuka ta 1988, wadda ke aiki a Ingila da Wales. Abin da ta ce a taƙaice: laifi ne mutum ya kasance a wurin jama'a ɗauke da duk wani abu mai ruwan wuƙa ko mai tsini. Lura, duk wani abu aka ce. Daga nan sai ta cire abu guda tak, wato 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kimanin santimita 7.6. Wannan togaciyar ce abokinka na biyu ya ji, ya riƙe lambar ya manta da kalmar da ke gabanta. Ita kuwa kalmar “mai naɗewa” kotuna sun yi mata fassara mai tsauri. A shari'ar Harris da aka buga a 1993, babbar kotu ta ce wuƙar da ke kulle kanta idan an buɗe ba ta cikin masu naɗewa. A 1998 wani mai suna Deegan ya kai maganar kotun ɗaukaka ƙara, lauyoyinsa har suka ɗauko abin da ministoci suka faɗa a majalisa lokacin yin dokar don nuna ba irin waɗannan wuƙaƙen ake nufi ba. Kotu ta ce maganganun ministocin ba su fito fili yadda za a dogara da su ba, ta tabbatar da hukuncin farko: sai wuƙar da za ka iya ninke ta nan take, a kowane lokaci, da turawa kawai, ba sai ka danna komai ba.

To ɗauko Wave ɗinka ka buɗe wuƙar. Ka ji ta yi ƙas ta tsaya ƙyam? Gwada mayar da ita. Ba za ta koma ba sai ka tura wancan ɗan ƙarfen na gefe da babban yatsa. Shi ke nan, a idon dokar Ingila ba ta da bambanci da wuƙar mahauci mai kube, ko da tsawonta inci ɗaya ne.

Ni kaina wannan fassara ba ta taɓa kwanta min ba. Duk wanda ya taɓa fere waya da wuƙa marar sakata ya san yadda take rufewa a kan yatsa. An sa sakatar ne don kare mai aiki, sai ga shi ita ce ta mayar da kayan aiki makami. Tim Leatherman ma, wanda ya kafa kamfanin, ba makami ya zauna ƙerawa ba. A 1975 ne yana yawon Turai da matarsa a wata tsohuwar Fiat mai yawan lalacewa, ya ga wuƙar aljihunsa ba ta da filaya, ya dawo gida Portland ya shafe shekaru yana gwaji har ya kafa kamfanin a 1983. Samfurinsa na farko wuƙarsa ba ta kullewa. Wave ta fito a 1998, shekarar da aka yanke hukuncin Deegan, da sakata da kuma damar buɗewa da hannu ɗaya. Amma ra'ayina ba shi zai tsaya maka a gaban majistare ba, don haka mu koma kan abin da ke rubuce.

Ba wai an hana fita da wuƙa mai sakata kwata-kwata ba ne. Doka ta ce kana da kariya idan ka nuna ƙwaƙƙwaran dalili, ta kuma ambaci uku da suna: aiki, addini, da tufafin gargajiya na ƙasa. Abin lura shi ne nauyin hujja a wuyanka yake. Mai gabatar da ƙara aikinsa kawai ya nuna wuƙa ce, a jikinka take, wurin kuma na jama'a ne. Daga nan kai ne za ka gamsar da kotu, bisa rinjayen zato, cewa kana da dalili a wannan lokaci da wannan wuri. Mai gyaran wuta da ke kan hanyar zuwa wurin aiki da jakar kayansa, ko yana dawowa, yana da dalili. Mutumin nan dai, idan ya je gida ya yi wanka ya fito kallon ƙwallo da dare da ita a aljihu, ba shi da shi. Sana'a ba ta ba ka lasisin awa 24.

Ga kuma wani tarko da ya shafe ka kai musamman. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aiki na awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana ka cin gashin kanka, wato ka zama mai sana'ar kanka kana karɓar kuɗi hannun mutane. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai ka ce masa ai kana ɗan yi wa 'yan'uwa gyaran wuta ne suna ba ka na shayi, ka gudu daga ruwa ka faɗa rijiya, domin da bakinka ka shaida ka saɓa sharaɗin biza. Idan kuwa kamfani ne ya ɗauke ka aikin da ke buƙatar wuƙa, to ka bar ta a akwatin kayan aiki, ba a ƙugu ba, kuma gara ma a ce a wurin aikin take kwana.

“Na manta tana aljihuna” ita ce amsar da na fi ji a ofishin 'yan sanda, kuma sau da yawa gaskiya mutum yake faɗa. A shari'ar Gregson ta 1992, mutumin ya ce da wuƙar yake aiki, kwana shida da suka wuce ya yi amfani da ita ya manta da ita a jikin kayansa. Kotu ta ce mantuwa ita kaɗai ba dalili ba ce. Daga baya kotuna sun ɗan sassauta, suka ce ana iya duba mantuwa idan ta haɗu da wani dalili na asali mai ƙarfi, amma wannan hanya ce da sai an kai ka kotu ake bin ta, kai kuwa ba ka son a kai can. Na fi jiye maka tsoron wannan a kan komai, tunda ka ce ko masallaci da ita kake zuwa. Abin da hannu ya saba ɗaurawa kowace safiya shekara shida ba ya jiran izinin ƙwaƙwalwa.

Akwai amsa ɗaya da ta fi kowace muni, kuma ita ce ta fi saurin fitowa daga bakin mutumin da ya taso a wajenmu: “saboda tsaro.” A gida, wanda ke dawowa daga aiki da dare ta unguwar da ake ƙwacen waya, idan ya faɗi haka kowa zai gyaɗa kai. A Ingila wannan ikirari ne. Akwai wata tsohuwar doka ta 1953 kan hana aikata laifi, wadda ta ce duk abin da ka ɗauka da niyyar raunata wani makami ne, ko da asalinsa ba makami ba ne. Kare kai ma raunata wani ne, sai dai da dalili. Kotuna ba sa karɓar tsoron da ba na wani hari takamaimai da ke tafe nan kusa ba. Don haka ko 'yar ƙaramar wuƙar da doka ta halatta ce a aljihunka, ka ce don ɓarayin waya ka riƙe ta, ka mayar da ita haram da harshenka. Na taɓa zama da wani yaro mai hankali, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda abin da ke aljihunsa bai saɓa wa komai ba. Kafin in iso ya riga ya gaya wa 'yan sanda cewa an taɓa tare shi ne a tashar bas. Ya zaci tausayinsa za su ji.

Kada kuma ka ɗauka sai abu mai kaifi. A 2005 kotu ta yanke cewa wuƙar shafa man shanu a burodi, wadda ba ta yanka komai, tana cikin abin da sashe na 139 ya hana. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce aska mai naɗewa, irin ta wanzamai, ba wuƙar aljihu ba ce duk da tana ninkewa. Wuƙar nan ta yankan kwali mai zamewa gaba da baya, wadda kuke fere kebul da ita, ita ma ba ta cikin togaciya, don zamewa take ba naɗewa ba. Sukundireba dai ta tsira, wata shari'a ta 1998 ta ce ba ta cikin masu ruwan wuƙa. “Wurin jama'a” shi ma faɗi gare shi: titi, bas, jirgin ƙasa, kanti, filin ajiye motoci, duk inda jama'a ke shiga ko da da tikiti ne. Motarka da ke tsaye a bakin titi ba ta zama ɗakinka ba, abin da ke cikin aljihun gaban mota ana lissafa shi yana tare da kai.

Maganar addini da al'ada kuwa, an fi saninta da mabiya addinin Sikh masu ɗaukar wuƙarsu ta ibada, da 'yan Sikotilan masu soke 'yar wuƙa a safa idan sun sha kayan gargajiya. An taɓa tambayata ko Buzu zai iya fakewa da wannan ya ɗaura wuƙar damtse. Lafazin dokar bai ware wata ƙabila ba, amma sai a ce cikin cikakkiyar shiga yake, a wurin bikin da ya dace, kuma ni ba zan ba shi shawarar ya zama zakaran gwajin dafi ba. Leatherman dai ba gadon kakan kowa ba ce. Haka nan idan Babbar Sallah ta zo, kada wani ya ce ka riƙo masa wuƙar yanka zuwa gona. Yankan addini a can sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, a hannun mai lasisi, don haka layya ba za ta zame maka hujja a titi ba.

Me ya sa suka tsananta haka? 'Yan sandan Ingila da Wales suna rubuta laifukan da aka yi da wuƙa wajen 50,000 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma da yawa daga waɗanda ake kashewa matasa ne. Kowace gwamnati ta zo sai ta ƙara ɗaure igiyar. A da ɗaurin shekara 2 ne mafi tsanani, dokar 2006 ta mayar da shi 4. Tun 2015, baligin da aka kama karo na biyu yana fuskantar aƙalla wata 6. Wanda aka kama karon farko, babu barazana babu faɗa, ba lallai a ɗaure shi ba, amma kai ba ɗaurin ne kaɗai abin tsoronka ba. Ko gargaɗin da 'yan sanda ke bayarwa a rubuce, wanda ake nuna maka kamar sassauci ne don ka tafi gida da wuri, amsa laifi ne, kuma yana shiga kundinka. Zai iya fitowa idan ka nemi aikin kula da tsofaffi ko yara, wanda shi ne abincin ɗalibanmu da yawa, za a kuma tambaye ka a kansa lokacin sabunta biza. Ɗaurin shekara guda ko fiye kuwa yana jawo korar baƙo daga ƙasar. Idan Allah Ya ƙaddara aka tafi da kai ofishinsu, kana da haƙƙin lauya kyauta, dare ko rana, ko nawa ne a asusunka. Ka nemi shi, kada ka sa hannu a komai kafin ya zo.

Akwai kuma rukunin da ko a ɗaki laifi ne. Wuƙar da ake danna maɓalli ta fito da kanta da ƙarfin sifirin, an hana sayar da ita da shigo da ita tun 1959, kuma daga 14 ga Yulin 2021 ajiye ta a gida ma ya zama laifi. Na ambace ta ne don irinta 'yan Chana sun cika kasuwanninmu, ana sayar da su tare da tocila da abin yanke farce, mutum ya jefa a akwati bai san me ya ɗauko ba. A Satumbar 2024 aka ƙara da wasu manyan adduna masu zarto da tsini, a Agustan 2025 aka ƙara da takubban ninja. Wave ɗinka ba ta cikin waɗannan. Buɗewa da babban yatsa ba laifi ba ne a Ingila muddin yatsanka ne ke tura ruwan, ba sifirin ba.

A filin jirgi magana ɗaya ce: cikin babban akwatin da za a auna a wuce da shi, can ƙasan kaya. Jakar hannu a'a. Ka tuna idan ta Doha ko Istanbul ko Addis Ababa za ka bi, za a iya sake tantance ka a can, kuma abin da aka karɓe ya tafi ke nan. Filayen jiragen Birtaniya ko filaya da sukundireba ba sa bari a jakar hannu. Ɗaukarta daga filin jirgi zuwa masaukinka a rufe cikin akwati dalili ne da kowa zai gane. Idan ɗakin kwanan ɗalibai za ka zauna, karanta takardar haya, wasu suna da nasu sharuɗɗan da suka fi na gwamnati tsauri.

Idan hutu ya kai ka maƙwabta kada ka tafi da lissafin Ingila a ka. Sikotilan tana da tata dokar ta 1995, mai kama da wannan, amma ɗaurinta ya kai shekara 5. Jamus kuma ta wani gefen ta ɓullo: tun 2008 abin da ta hana yawo da shi shi ne wuƙar da ta haɗa abu biyu, buɗewa da hannu ɗaya da kuma kullewa, sai mai kube da ta wuce santimita 12. Kenan wuƙar Opinel ta Faransa, mai zoben kullewa da ake buɗewa da hannu biyu, ta wuce a Jamus amma ta faɗi a Landan. Wave ta faɗi a duka biyun. Bayan harin garin Solingen na Agustan 2024 ma Jamusawa sun hana kowace irin wuƙa a bukukuwan jama'a da jiragen ƙasa masu dogon zango.

To me za ka sa a aljihu, tunda na san hannun da ya saba ba ya zama haka nan? Jar wuƙar aljihun nan ta sojan Suwizalan da kamfanin Victorinox ke yi, matsakaiciya mai tsawon milimita 91 irin su Spartan da Climber, ba ta da sakata kuma kaifinta bai kai inci 3 ba. Ita ce ainihin abin da masu dokar suka yi nufin cirewa. Yi hattara da manyansu masu milimita 111, yawancinsu suna kullewa. Leatherman na da samfurin Bond wanda wuƙarsa ba ta da sakata, 'yan kasuwa na tallata shi a matsayin halattacce a Birtaniya. Ni ina da ɗan ɗari-ɗari da shi, saboda idan ka buɗe wuƙar ka rufe ƙotocin biyu, ba za ta koma gidanta ba sai ka sake buɗe su, kuma mai gabatar da ƙara mai wayo zai iya cewa wannan ba ninkewa nan take ba ce. Ko halattacciyar ma, masu gadin filin ƙwallo, gidan tarihi da kotu suna da ikon hana ka shiga da ita. Shi ya sa a 2024 shugaban Victorinox da kansa ya ce suna shirya samfura marasa wuƙa, saboda yadda dokoki ke tsananta a ƙasashe irin su Ingila.

Da ni ne kai, zan zauna in tuna a mako guda sau nawa nake buɗe wuƙar Wave ɗin, sau nawa kuma filaya da sukundireba. Masu aikin wuta da na sani, filayar ce tara cikin goma. Ƙaramar filaya zalla da tasta a jakar littattafai sun biya maka wannan buƙatar ba tare da ka shiga sashe na 139 ba. Tsarabar kawu kuma ta zauna a durowa, a ɗauko ta idan ƙafar gado ta kwance ko fulogi ya ƙone.

Kuben ma cire shi daga bel ɗin tun a Kaduna. Galibi ɗan sanda na buƙatar dalilin zargi kafin ya caje ka a titi, kuma kuben Leatherman a ƙugun saurayi, ko babu komai a ciki, ya ishe shi dalili.